Yadda Na Kai Wa Yaya Ragonta Yamai

Tun da na dawo daga Nijar ban huta da tambaya ba. In na zauna a majalisarmu ta bakin kasuwa sai a ce, "Garba, wai da gaske rago ka ɗauka daga Wudil har Yamai?" In na fito daga masallaci, kafin in gama sa takalmi wani ya tare ni. Na gaji da maimaitawa, kuma na lura labarin ya fara ƙiba a bakin mutane, don jiya na ji wani yana rantsuwa wai bijimi na kai. To ga yadda aka yi na rubuta, kowa ya karanta ya bar ni in sha iska.

Yayata Hajara ta yi aure a Yamai tun ina saurayi. Mijinta Bazabarme ne, direban babbar mota, mutumin kirki, Allah ya jiƙansa. Ya rasu bara gab da babbar salla, ya bar ta da 'ya'ya mata. Bayan sallar na kira ta a waya, sai na ji muryarta ba daidai ba. Na matsa mata, ta ce, "Auta, nan ba kamar gida ba ne. A ƙofar gida ake gasa ragon layya, kowa na gani. Washegari kuma kwanukan nama su yi ta yawo gida-gida. Bana kwanuka shigowa kawai suka yi, ko ɗaya bai fita daga gidana ba. In wata sallar ta zo mini haka, rufe ƙofa zan yi in ce ba na nan."

Wanda ya san Yaya ya san wannan ba ƙaramar magana ba ce. Mace ce da ko goro ba ta iya cinyewa ita kaɗai. Ga ta kuma da taurin kai irin na gidanmu: ba ta karɓar taimako daga hannun ƙani, na sha gwadawa tana mayar mini. Sai na tuna wani abu. Tun tana yarinya Babanmu ya ba ta wata tunkiya, da za ta tafi gidan miji ta bar mini ita kiwo. Tunkiyar ta mutu tuni, amma zuri'arta na nan a garkenmu na Lajawa, kuma a cikinsu akwai wani farin rago da nake turkawa a gida. Kantoma nake ce masa, don ba wanda ya zaɓe shi amma shi ke mulkin gidan. Na ce wannan ai ba kyauta ba ce, dukiyarta ce, sai in ga ta yadda za ta mayar da abinta.

Da na faɗa wa 'yan Kara, wato kasuwar dabbobinmu, sai da suka yi dariya har da riƙe ciki. Wani dillali ya ce, "Garba, duk ragunan da ka gani nan rabinsu daga Nijar suka zo. Kai kuma za ka kai musu? Gobe ma ka ɗebi ruwa a tulu ka kai wa kogi." Na bar su suna dariya na tafi neman takardar likitan dabbobi.

Maƙwabcina Malam Bitrus, ma'aikacin jami'a ne mutumin Mubi, yana jin Faransanci saboda kusancinsu da Kamaru. Na je ya ɗan koya mini. Ya gwada ni da gaisuwa, harshena ya ƙi lanƙwasuwa, sai ya haƙura.

"Malam Garba, riƙe kalma ɗaya ta ishe ka: muton."

"Mene ne muton?"

"Abin da kake ja da igiya. Suna da sunan rago daban, na tunkiya daban, amma a bakin titi duk muton ne. Yana tafiya da ƙafarsa muton, an dafa shi an sa a faranti ma muton. Sauran ma'anoninta ka ji su a can."

Na ce mutanen da suka haɗa rago da tunkiya da nama a suna ɗaya, lalle ba su taɓa kiwo ba. Ya ce in je in faɗa musu.

Wanda bai taɓa tafiya da ragon layya ba bai san fargaba ba. Dabbar layya ba a son ta da aibi: kada ta yi ɗingishi, kada ido ya mutu, kada ƙaho ya karye yana jini. Saboda haka tun daga gadar Wudil har Kano, daga Kano har Katsina, ni da Kantoma a bayan akori-kura muka zauna, na rungume wuyansa duk inda aka faɗa rami. Direba ya yi ta kira na in dawo gaba, na ƙi. A Jibiya wata tsohuwa mai fura ta dube mu ta ce, "Ɗan nan, ko amarya ba a riritawa haka."

A kan iyaka ne na fara cin moriyar karatun Malam Bitrus. A ɓangarenmu ba a daɗe ba aka sallame ni. Da muka tsallaka, wani jami'i dogo siriri ya nuna ragon da biro ya yi wata magana da Faransanci. Na gyara tsayuwa na ce, "Muton!" da ƙarfi, kamar ɗalibin da aka tambaya abin da ya haddace. Sai mutumin ya fashe da dariya ya juya Hausa, Hausarsu ta can.

"Na gani muton ne, Alhaji, ban ce jaki ba ne. Ina za ka da shi?"

"Yamai."

Ya kira abokan aikinsa. "Ku taho ku ga abin mamaki! Kullum muton hita yake daga Nijar shi tahi Najeriya, yau ga wanda aka koro. Alhaji, laihin mi ya yi?"

Na ba su labarin Yaya da tunkiyarta. Dariyar ta tsaya. Likitan dabbobinsu ya zo ya buɗe bakin Kantoma, ya duba haƙora da kofato, ya shafa gadon bayansa ya ce an yi kiwo. Dogon nan ya buga hatimi ya miƙo mini, ya ce, "Ka gaida hajiya. Ɗan'uwa irinka ba shi da yawa." Raina ya yi fari ƙal, har na manta ƙafafuna sun kumbura.

A Maraɗi na sauka wurin wani dillalin dabbobi, Malam Isufu, wanda wani ɗan Kara ya haɗa ni da shi. Ya karɓe ni hannu bibbiyu, ya ba ni ɗakin zaure, ya ɗaure Kantoma nesa da nasa ragunan don kada a yi karo. A nan na yi abin kunyata na farko. Aka kawo shayi a ɗan mitsitsin kofi, baƙi ƙirin, ga ɗaci kamar maɗaci. Na runtse ido na shanye, na yi godiya na miƙe zan je duba rago. Sai na ga kowa ya zuba mini ido. Malam Isufu ya ce, "Zamna, baƙo. Wannan na hwari ne. Wanda ya sha mai ɗaci ya tashi, ya bar ma wa mai zaƙin?" Ashe hawa-hawa ake shan shayinsu, kowane zagaye ya fi na baya daɗi, kuma tashi a tsakiya rashin ladabi ne. Mu da muka saba a cika mana kofi da madara mu kurɓe mu kama gabanmu, ina muka san wannan? Na koma na zauna har aka ƙare, kuma na gane hirar ce abin sha, shayin rakiya ne.

Burodinsu dogo ne kamar sanda, bayansa da tauri, a hammata ake saƙalo shi ba ko leda. Na sayi ɗaya na jingina a bango ina alwala, kafin in sallame Kantoma ya ci rabi. Ban yi fushi ba, don tun Katsina yake yanga da abinci. Ruwa ne ma ya ƙi sha sam, ya sunsuna ya kau da kai, wai shi ɗan bakin kogi. Hankalina ya tashi. Malam Isufu ya jiƙa 'yar kanwa ya barbaɗa dusa a kai, sai ga gogan ya kafa kai har ya ga ƙasan bokiti.

Da rana muka je cin abinci a wata rumfa kusa da tasha, ina riƙe da igiyar Kantoma don ban yarda in bar shi ba. Mai abincin ta ɗaga murfin tukunya ta ce, "Shinkahwa da muton?" Na dubi tukunya, na dubi Kantoma, shi ma ya dube ni. Na ce ta ba ni da wake. Ba zan ci ɗan'uwansa a gabansa ba alhali ga abin da ke jiransa.

Samun motar Yamai ya zama aiki. Manyan bas ba sa ɗaukar dabba. Ƙananan kuma a saman mota suke ɗaure raguna, ƙafafu a haɗe, rana na dukansu, sai kai ke leƙowa. Yaran tasha suka kama Kantoma za su cilla sama, na ce wallahi sai dai a ɗaure ni a can shi ya zauna a kujera. Aka yi ta cacar baki har Malam Isufu ya samo mini wata babbar mota da za ta ɗauki albasa a Galmi ta wuce Yamai. Direban, Amadu, ya ce in na iya zama da warin albasa, bismilla.

Hanyar nan tana da tsawo, jama'a. Mu da muke ganin Wudil zuwa Kano tafiya ce, mu yi shiru. A Galmi aka loda buhuna aka bar mana wani lungu a baya, ni da rago. Kafin mu kai Birnin Ƙonni Kantoma ya huda buhu ya yi ta aiki, in ya yi gyatsa sai hawaye ya zubo mini. Na gaya wa Amadu ɓarnar da aka yi masa, ya ce ya yafe, sadakar salla ce.

Gaba kaɗan muka tarar ruwan sama ya cinye wani yanki na titi. Wata ƙaramar mota ta ratse ta dama, sai duk na bayanta suka bi ta, ɗaya bayan ɗaya, duka suka kafe a taɓo. Amadu ya tsaya ya sauka, ya taka ƙasar da ƙafarsa, ya zaɓi hagu. Da muke wuce su ya leƙa ta taga yana nuna su yana cewa, "Muton! Muton!" Na waiga ban ga ko tunkiya ɗaya ba. Da muka tsaya salla na tambaye shi, ya ce haka suke kiran mutumin da ke bin na gaba ido rufe. Na ce wannan kam sun yi gaskiya, duk mai kiwo ya san in tunkiya ɗaya ta faɗa rami sauran ma sai sun leƙa.

Sai dai a wannan ratsen ne motar ta yi wata girgiza, Kantoma ya zame ya faɗi a kan ƙafar gaba. A Dogon Dutsi na sauke shi ya sha ruwa, na ga yana ɗingishi. Na duba kofato, na matsa gwiwa, ban ji karaya ba, amma ɗingishi na nan. In ya tabbata, layya ta tashi, duk wahalar nan ta zama ta banza, kuma Yaya za ta rufe ƙofarta. Daga nan har Doso har Yamai ban ga komai a hanya ba. Ƙafar rago na ɗora a cinyata ina murzawa da man zafin da na taho da shi don nawa ƙugun.

Mun shiga unguwarsu Yaya da hantsi, ana jibi salla. Ban gaya mata da abin da nake tafe ba. Ta fito da gudu ba ko mayafin kirki, ta rame, furfura ta fito mata. Ta riƙe hannuna tana "Auta, Auta," sai idonta ya sauka a kan rago. Fuskarta ta canja nan take.

"Me na gaya maka game da kyauta?"

"Yaya, ba kyauta ba ce. Kin tuna tunkiyar da Baba ya ba ki, mai baƙin kunne? Jikan jikanta ne. Na gaji da ciyar miki da shi, ga kayanki."

Ta durƙusa ta kama kunnen Kantoma ta juya, ga ɗan baƙin tabo a bayansa irin na kakarsa. Sai ta rufe fuska da zane. Ni ma na juya ina kallon bango, don namiji ba ya son a ga idonsa a irin wannan lokaci.

Maƙwabcinsu Baba Jibo, wani dattijo aminin marigayi, shi ya zo ya duba ƙafar. Ya sa na zagaya da ragon a tsakar gida, ya ce tsami ne kawai na zaman mota, a bar shi ya huta. Haka kuwa aka yi. Washegari da safe Kantoma ya tunkuyi turmi ya kifar, ya bi 'yar autar Yaya da gudu har ɗaki. Ban taɓa murnar ganin ɓarna irin ta ranar ba.

Babbar 'yar Yaya, Rabi, malamar firamare ce, ita ta ƙarasa mini karatun Malam Bitrus. Tana share ɗakin da aka sauke ni ta jawo wata ƙura mai kama da auduga daga ƙarƙashin gado ta ce, "Kawu, ga wasu muton ɗin." Ta ce har farin kumfan da iska ke tayarwa a kan ruwa haka Faransawa ke kiransa. Na ce mata a gaishe su, mu a Wudil ba ma layya da shara.

Yamai ana gobe salla abin kallo ce. Ko'ina tulin itace, manyan gungume, da wasu dogayen sanduna fiƙaƙƙu ana sayarwa bibbiyu. Rabi ta sayo namu ta jingina a zaure. Na dube su na ce a raina, to, na rataya nama ne. Ban tambaya ba, kuma rashin tambayar nan ne ya kusa kashe ni.

Da aka sauko daga idi na yanka Kantoma a tsakar gida a madadin Yaya. Baba Jibo ya leƙo ya ce, "In ka hwiɗe ka jira ni, ina zuwa," ya tafi wurin nasa. Mata suka kwashe kayan ciki suka yi bayan gida wanki. Na feɗe tas, na tsaya jira, dattijo shiru. Sai na ce bari in nuna wa mutanen Yamai cewa ɗan Wudil ba a koya masa aikin rago. Na ɗauki adda na yi yadda muke yi a gida: na bi ƙashin baya na tsaga shi gida biyu, don a rataye ya tsane kafin gobe a yanyanka a soya. Tsaga mai kyau kuwa, ko mahauci sai haka.

Rabi ce ta fara gani. Ta saki kwano ta ɗora hannu a ka. "Kawu! Me ka yi?"

Ta ja ni ƙofar gida. Sai ga abin da ban taɓa gani ba. An hura wata gagarumar wuta a tsakiyar layi, gidajen unguwar duk sun fito da ragunansu. Kowane rago ɗungurungum yake, an buɗe shi an baje a kan sandunan nan biyu da aka gicciya, an kafa shi tsaye yana fuskantar wuta. Sun kewaye ta kamar masu jin ɗumi. A cikin da'irar an bar gurbi ɗaya daidai ƙofar Yaya, inda marigayi yake kafa nasa. Rabi ta ce bara ma haka aka bar shi, wayam, har aka tashi.

Ta faru ta ƙare, an yi wa mai dami ɗaya sata. Rabin rago ba ya hawa waɗannan sanduna.

Baba Jibo ya shigo ya ga aika-aikar, ya yi salati. Mutumin kirki ne, bai yi mini faɗa ba. Ya ce, "Ba komi, layya ta yi. A gasa shi nan cikin gida bisa waya, nama dai nama ne." Na dubi Yaya. Tana tsaye bakin madafa, hannunta duk ruwa, ta ce, "Haka ne, ba komai, Auta." Amma na ga yadda ta kalli ƙofar gida sannan ta sunkuyar da kai. Na jawo rago tun daga Wudil, na kai shi lafiya, na zo na lalata komai da hannuna a takun ƙarshe.

Ina tsugune ina kallon tsagin nan, sai na ga ashe miƙe yake sambal, gefe da gefe sun dace kamar ƙyalle biyu. To ni sana'ata ɗinkin babbar riga, da allura na girma kamar yawancin 'yan garinmu. Na ce wa Rabi, "Samo mini wayar ɗaurin rodi wurin magina, da tsinken laima ko na keke." Ta ce, "Kawu, me za ka yi?" Na ce ta yi sauri kawai.

Na wasa tsinken a dutse ya zama basilla. Na ƙona wayar a wuta na goge ta. Muka kwantar da ɓarin biyu a tabarma muka haɗa, Baba Jibo ya danne mini, na fara daga wuya. Ina huda ta tsakanin haƙarƙari, in zagayo ƙashin baya, in ja in ƙulle, in ci gaba. Nama ba shadda ba ne, yana santsi, yana gudu, waya ta yanke ni a yatsu ban ma ji ba. A waje ina jin ana ƙara itace, wani yana tambaya ko a matso da raguna a rufe gurbin. Baba Jibo ya ɗaga murya ya ce da Zabarmanci a bar shi, ana zuwa. Da na kai gindi na sake dawowa sama da wani layin, ɗinki biyu, yadda nake yi wa wuyan riga don kada ya saki. Dattijo ya ɗaga ƙafa ɗaya ya girgiza, rago ya motsa gaba ɗayansa. Ya dube ni ya ce, "Kai, Bahaushe!"

Muka ɗora shi a sanduna muka fito da shi mu biyu. Nan take layin ya ɗau sowa. Kantoma ya fi duk ragunan da ke wurin tsawo da faɗi, ba ni na faɗa ba, su suka faɗa. Muka kafa shi a gurbin marigayi. Sai wani ya zagaya baya ya ga ɗinki, ya kira wani, kafin ka ce kwabo an taru ana leƙe, masu waya suna ɗaukar hoto. Aka tambaye ni ko haka ake yi a Najeriya. Na ce a'a, a Wudil ne kawai, kuma sai ga manyan baƙi.

Ban bar wurin ba duk yinin. Zafin wutar nan ya ƙona mini gashin hannu, amma tsorona ɗaya, lokacin da za a juya raguna a gasa bayansu, don a nan ne nauyi zai koma kan ɗinkin. Da la'asar aka zo juyi. Muka ɗaga, muka juya, muka kafa. Ko gezau bai yi ba. Mai yana ɗiga, fata ta yi ja, ƙamshi ya cika layi. Na waiga sai na ga Yaya a bakin ƙofa, ta sa sabon mayafi, matan unguwa na wucewa suna yi mata barka da salla tana amsawa da murya sama. Na ji daɗin da ban ji irinsa ba ko ranar da aka haifa mini ɗan fari.

A can ba a taɓa gasasshen ragon ranar salla, kayan ciki kawai ake ci, sai washegari ake rabo. Da sassafe na zauna da filaya ina zare wayata ɗaya bayan ɗaya, don kada a ce baƙo ya karya wa mutanen Yamai haƙora. Yaya ta shimfiɗa tabarma ta zauna da wuƙa, ta sa aka sauko da manyan kwanukanta aka wanke. Tana yanka tana kiran sunayen gidaje, wannan na Baba Jibo, wannan na mai unguwa, wannan na matar da ta yi jinyar marigayi, 'yan matan na ɗauka suna fita da gudu. Na ce, "Yaya, ki rage mana na ci mana." Ta ce in yi mata shiru, ragonta ne.

Muna cikin haka aka yi sallama. Wata yarinya ce daga gidan da ke kallon namu, ɗauke da kwano a rufe, ta durƙusa ta ce mamanta ta ce a kawo wa Hajiya. Yaya ta goge hannu ta karɓa, ta buɗe ta yaba, sannan ta dubi yarinyar tana murmushi.

"Ki ce mata na gode, Allah ya maimaita mana. Ki ce kuma ta duba madafa, namu ya riga ki isa."